Ladan da Ruwa Ba Ya Ci

'Yan'uwa manoma, a shekarar 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya taso ya cinye tsohon garin Bussa, da gonaki, da tsibiran Gungawa masu yawa a ƙasar Yauri. Mutum fiye da 40,000 aka tayar aka kai su sababbin garuruwa. Iyayenmu sun ga gonar gado ta koma ƙarƙashin ruwa. Ashe abin duniya aro ne. To, me zai sa mu sayar da gaskiyarmu dominsa?

Muna wannan magana ne saboda abin da ke kashe ƙungiyoyin gama kai daga Shanga har Ngaski. Fari da ambaliya suna ɓarna, amma rashin amana ya fi su. Wani ya karɓi rancen taki, kaka ta yi, ya ɓuya. Wani ya zuba ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu, ya rufe da mai kyau, ya kai kasuwar Yauri. Wani ma'aji ya taɓa kuɗin jama'a, wai zai mayar. Kowannensu cewa yake ba wanda ya gani.

Akwai wanda ya gani. A Matiyu sura 25, Yesu ya ba da misalin bayin da maigidansu ya damƙa wa dukiya, ya dawo ya bi lissafi. Wanda ya riƙe amana a kan kaɗan, shi aka ɗora a kan mai yawa. Mudunmu da littafin ƙungiya suna cikin wannan lissafi.

Wani zai ce, ai ceto kyauta ne. Gaskiya ne, ba ma sayen sama da aiki. Amma wanda ya cece mu ya yi alkawarin lada ga amintattu, kuma ba ya tā da magana. Manomi yakan binne irin da zai iya ci yau, don ya san kaka tana zuwa. Haka mai bi yakan haƙura da ribar zamba.

Saboda haka, kafin taron ƙungiya mai zuwa, mai bashi ya biya, ko ya zo ya faɗi ranar biya. Ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa. Gindin buhu ya zama daidai da bakinsa. Ubangiji ya same mu da aminci.