A Hannun Wa Ɗalibai Ke Kwana? Tambayar da Ta Kamata Babura da Kazaure Su Amsa

Idan takardar samun gurbin karatu ta iso gidan wani magidanci a Gwiwa ko Roni, musamman idan 'ya mace ce ta samu, akwai tambayar da take riga maganar kuɗin makaranta fitowa daga bakinsa: a ina za ta kwana, kuma a hannun wa? Jami'an makaranta suna da amsar rabin farko, domin za su nuna masa gini da gadaje da famfo. Rabi na biyu ne yake da wuyar amsawa, kuma amsarsa ce takan yanke hukuncin ko yarinyar za ta tafi ko za ta zauna a gida.

Arewa maso yammacin Jigawa ya kai matsayin da ba zai kauce wa wannan tambaya ba. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, wadda ta samo asali daga kwalejin da jihar ta kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jigawa, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. Tana kuma da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha. A 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, garin da ke dab da iyakar Nijar. Matasa daga sassan ƙasar nan da dama za su ci gaba da kwarara zuwa waɗannan garuruwa, wasunsu ba su taɓa kwana nesa da iyayensu ba. Ya kamata kowane ɗakin kwanan ɗalibai a waɗannan makarantu ya samu babban mutum guda, ƙwararre, wanda a cikin ginin yake zaune, kula da mazaunansa kuma shi ne cikakken aikinsa.

Irin wannan aiki sananne ne a jami'o'in Amurka. A can ana ɗaukar daraktan ɗakin kwana, a ba shi ɗan gida a cikin ginin da ɗalibai suke, sau da yawa har da abinci, ban da albashi. Da yawansu suna da digiri na biyu a fannin kula da harkokin ɗalibai. A ƙarƙashinsa akwai manyan ɗalibai da ake zaɓa, a horar da su, kowanne ya riƙe hawa ɗaya ko sashe ɗaya. Daraktocin suna karɓa-karɓar wayar gaggawa, ta yadda kowane dare akwai wanda alhakin amsa kira yake wuyansa. Shi ake tasa idan ɗalibi ya faɗi, shi ke sulhunta abokan ɗaki, shi ke lura da wanda ya daina fita darasi, shi ke rubuta rahoto idan an karya doka.

Jami'o'in Nijeriya ma da wani abu makamancin wannan suka fara. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, an tsara ta ne bisa salon Ingila, inda ɗakin kwana yake da shugabansa da mataimakansa daga cikin malamai, da zauren cin abinci da ke haɗa kowa sau uku a rana. Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 da nata ɗakunan, irin su Amina da Ribadu da Suleiman. Abinci yana da girman da ƙarin kwabo hamsin a kan kuɗinsa na yini ya tayar da zanga-zangar ɗalibai ta 1978. Bayan da gwamnatin soja ta janye tallafin ciyarwa a 1984, zauren cin abinci ya mutu, kuma da mutuwarsa aka rasa wurin da manya suke ganin fuskar kowane ɗalibi kullum. Yawan ɗalibai ya yi ta ninkuwa, gadaje ba su bi sahu ba. Risho da hita suka shiga ɗakuna, ɗakin mutum huɗu ya koma ɗaukar takwas.

Abin da ya rage a makarantu da yawa a yau shi ne rarrabuwar aikin gida uku. Akwai lakcara da ake ɗora wa sunan shugaban ɗakin kwana a matsayin ƙari kan koyarwa da bincike, wanda gidansa yana can wata unguwa. Akwai ma'aikacin ofis da ke tashi ƙarfe huɗu na yamma. Sai fota ko matiron da mai gadi, waɗanda su ne suke kwana, amma ba su da ikon yanke shawara, ba a kuma cika ba su horo ba. Mai iko yana nesa, na kusa ba shi da iko, alhali kuwa yawancin abin da ke cutar da ɗalibi a masauki bayan sallar isha'i yake faruwa.

Ciwon sanƙarau misali ne da ya shafi yankin kai tsaye. Jigawa tana cikin zirin ƙasashen Afirka da cutar take yawan ɓulla daga lokacin hunturu zuwa tsakiyar bazara. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2023 kan ɓarkewar da ta fara a ƙarshen 2022, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu a Nijeriya a Jigawa suke, yayin da jihar Damagaram da ke maƙwabtaka a Nijar take fama da tata. Cutar tana son cunkoso da ɗaki marar iska, tana kuma iya kisa cikin yini guda. Alamunta na farko, zazzaɓi da ciwon kai, suna kama da na zazzaɓin cizon sauro, don haka abokan ɗaki sukan sayo farasitamol su ce a bari gari ya waye. Mutumin da aka koya wa cewa sanƙarewar wuya da ƙin haske da ruɗewa alamun haɗari ne, wanda ƙofarsa take taku ashirin daga ɗakin, wanda kuma yake da ikon kiran mota nan take, shi ne zai iya kai yaron asibiti a daren.

Haka maganar gobara take. A watan Nuwamban 2015 wuta ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana a jihar Kano, ɗalibai bakwai suka rasu. Makarantar sakandare ce, amma darasin ya shafi duk ginin da mutane da yawa suke kwana a cikinsa. Tukunyar kashe wuta da ta lalace, da ƙofar baya da aka garƙame don tsoron ɓarayi, da wayar lantarkin da aka ja ta ƙarƙashin katifa, abubuwa ne da mai zuwa duba gini sau ɗaya a zangon karatu ba zai gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda kuma iyalinsa suke kwana ƙarƙashin rufin ba ya buƙatar a tuna masa.

Sai batun tsaro. A ranar 22 ga Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen haya na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, suka tafi da ɗalibai fiye da ashirin, akasarinsu mata. Cikin watan Oktoban shekarar aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu na cikin gari. Babu wani jami'in ɗakin kwana da zai tare bindiga da hannu. Sai dai rahotannin farko daga Gusau sun saɓa a kan adadin waɗanda aka ɗauka, abin da ke nuna muhimmancin samun mutumin da ya san wa ke kwana a ina. Duka hare-haren biyu a wajen harabar makaranta suka auku, inda ɗaliban da ba su samu gado ba suke neman mafaka. Saboda haka aikin bai kamata ya tsaya a bakin ƙofar makaranta ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa. Fatake sun daɗe da sanin mai masauki, wanda ake kira fatoma a harkar goro da shanu: yana sauke baƙo a gidansa, ya adana masa dukiya, ya tsaya masa a kasuwa, idan rigima ta taso shi ake nema. A zangon Hausawa na Sabo a Ibadan, a kan irin waɗannan masu gidaje cinikin ya ginu. A tsangaya ta asali ma malam tare da almajiransa yake zaune, manyan gardawa suna taya shi lura da ƙanana. Inda tsarin ya lalace kuwa, a inda yara suka yi wa malam yawa ne har ya kasa sanin inda suke kwana. Kalmar mai masauki ta fi dacewa da wannan aiki fiye da kowane laƙabin ofis, domin ta haɗa kusanci da ɗaukar alhaki.

Akwai suka uku masu nauyi da za a iya yi wa shawarar. Na farko kuɗi: jami'ar da ke neman ɗakunan gwaji da malamai za ta ga gidan mai masauki a matsayin almubazzaranci. Amma ɗaki biyu da falo a cikin ginin da zai ɗauki ɗaruruwan gadaje ƙaramin ƙari ne idan tun a zanen gini aka sa shi. Bayan an gama gini ne yake zama aiki mai tsada. A nan Babura take da damar da tsofaffin jami'o'i suka rasa, domin yawancin gine-ginenta suna gaba.

Na biyu, ɗaliban jami'a ba yara ba ne, kuma mai iko da ke zaune kusa yana iya rikiɗewa ya zama ɗan sandan ɗabi'a, ko mai sayar da gado, ko abin da ya fi haka muni ga 'yan mata. Wannan tsoro yana da tushe, maganinsa kuma iyaka ce a rubuce. Rabon gadaje da karɓar kuɗi su kasance a wani ofis dabam. Kada ya shiga ɗakin ɗalibi sai da sanarwa da shaida, in ban da halin gaggawa. Hukuncin kora ya tsaya a hannun kwamitin ladabtarwa. Ɗakin mata mace ce za ta riƙe shi. Ɗalibai su samu hanyar kai ƙararsa wadda ba ta bi ta teburinsa ba. Idan ɗalibai suna tsoronsa, ba za su ƙwanƙwasa masa ƙofa ƙarfe biyun dare ba, to kuwa amfaninsa ya ƙare.

Na uku ya shafi shi kansa ma'aikacin. Wanda gidansa ne wurin aikinsa ba shi da lokacin tashi. Ana tare shi a hanyar masallaci, ana buga masa ƙofa yana cin abinci, rigimar cikin gidansa kowa yana ji. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. A Amurka ma, inda aikin ya kafu, da yawa ba sa wuce 'yan shekaru a kansa saboda gajiya. A nan kuwa akwai ƙarin tambayar iyali: mace mai aure da za ta riƙe ɗakin mata, ina mijinta da 'ya'yanta maza za su bi? Amsar tana ga mai zanen gini, wanda zai ba gidan ƙofa biyu, ɗaya ta cikin ɗakin kwana, ɗaya ta waje mai katangarta. Sauran amsar tana ga masu tsara aiki: jadawalin dare da ake karɓa-karɓa tsakanin mutum uku ko huɗu, hutun da ba a taɓawa, alawus na kiran dare, da matakan ƙarin girma har zuwa manyan kujerun sashen harkokin ɗalibai. In ba haka ba, za a mayar da kujerar wurin jefa wanda ba a so, ko wurin saka ɗan'uwa.

Abin da ake buƙata daga hukumomi a bayyane yake. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da takwararta ta ilimin fasaha da ke Kaduna suna ƙirga malamai da littattafai da kayan gwaji kafin su amince da kwas. Ya dace su riƙa tambayar wa ke kwana da ɗalibai, da irin horon da ya samu kan taimakon gaggawa da kashe gobara da gane alamun matsananciyar damuwa ko shaye-shaye. Asusun TETFund, wanda ke ɗaukar nauyin gine-gine masu yawa a manyan makarantun gwamnati, yana iya ƙin amincewa da zanen ɗakin kwanan da babu gidan mai masauki a cikinsa. Haka ya kamata a sharɗanta wa 'yan kasuwar da ake ba fili su gina masauki su karɓi haya.

Game da ɗaliban cikin gari, yankin yana da abin da zai dogara da shi. Kazaure da Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin masarautar Kazaure, Babura tana ƙarƙashin ta Ringim, kuma masu unguwanni sun san gidan da aka sauke baƙo. Mai masauki ɗaya da aka ware domin 'yan haya, yana riƙe da rajistar gidaje, yana zama da masu unguwa da masu gidaje a farkon kowane zango, zai rufe giɓin da ke tsakanin makaranta da gari, ya kuma kashe ƙananan rigingimu kafin su girma.

Ana auna sabuwar jami'a da girman ƙofarta da yawan kwasa-kwasanta. Magidancin Gwiwa yana da nasa ma'aunin. Idan ya raka 'yarsa Babura ko Kazaure, aka gabatar masa da wata mata mai kamala, aka nuna masa ƙofar gidanta a cikin ginin, ta rubuta lambarsa ta ba shi tata, zai koma gida da natsuwa, maƙwabcinsa da ke shakkar tura tasa 'yar kuma zai ji labari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yawancin ɗakunan kwanan da Babura za ta buƙata har yanzu a kan takarda suke.