Wasiƙa Zuwa Ga Manoman Fadamar Birnin Kebbi Da Argungu

 

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin 2015, gonakinmu suka saba da takin zamani da maganin feshi, har wasu suka ɗauka in babu su babu noma. Yanzu ga buhun taki ya fi ƙarfin talaka, ga ƙasa ta gaji. Shawarata ita ce mu waiwayi abin da ke ƙofar gidanmu.

Ku daina cinna wa karan shinkafa da ɓuntu wuta. Ku haƙa rami, ku jera su hawa-hawa da kashin shanu da na kaji da toka, kuna yayyafa ruwa kuna juyawa har su ruɓe su yi baƙi. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, don haka a bari ya nuna. Kakanninmu kan ba Fulani hatsi don shanu su kwana a gona bayan girbi. Wannan zumunci ya cancanci a raya shi. A gonar tudu kuma kada a sare gawo, domin da damina yake zubar da ganye ya ciyar da ƙasa. Inda aka yi gero bana, a sa wake ko gyaɗa baɗi.

Ga ƙwari kuwa, 'ya'yan dogon yaro sun isa makami: a daka, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Wake kuma a ajiye shi cikin buhun da iska ba ta shiga. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda gubar adanawa. Abin da suka ƙi, shi 'ya'yanmu ke ci.

Duk abin da aka fesa a fadama, gulbin Rima zai gangara. Ruwan nan shi ne na Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Giwan ruwa ba ya rayuwa cikin guba.

Ban ce a jefar da komai yau ba, don amfani kan ɗan ragu kafin ƙasa ta farfaɗo. Sannu ba ta hana zuwa. Kowa ya ware kadada ɗaya ko rabi a ranin bana ya gwada, sannan ya gaya wa maƙwabcinsa abin da ya gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
ɗan'uwanku daga Argungu