Lafiya Uwar Jiki: Turancin Da Ke Jikin Kwalin Magani

A wannan wata za mu duba waɗansu kalmomin Turanci da akan rubuta a jikin kwalin magani. Daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa, da wuya a ci kasuwa ba a ga mai tallar ƙwayoyi ba, kuma yawancinmu launin kwali muke dubawa, ba rubutun ba.

Mu fara da "relieves" da "cures". Ta farko tana nufin maganin yana sauƙaƙa wahala, ta biyu kuwa yana warkarwa. Iyaye mata, ku riƙe wannan da kyau. Farasitamol "analgesic" ne, wato mai kashe raɗaɗi, kuma "antipyretic" ne, mai saukar da zafin jiki. Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro da damina aka ba shi, jiki zai yi sanyi, har ya tashi ya yi wasa, amma cutar tana nan cikin jini tana ƙaruwa. Bayan kwana biyu sai a ga jijjiga, a ruga asibiti da dare. Abin da ke kashe cutar shi ne "antimalarial", bayan an gwada jini. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorakwin ta koma ga haɗin da ake kira ACT, domin cutar ta daina jin tsohon magani.

"Anti" kuwa ma'anarta mai gaba da abu. "Antiseptic", kamar Dettol ko aidin, na wanke rauni ne, ba a sha. "Antibiotic" shi ne dangin fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928. Yana kashe ƙwayoyin bakteriya, amma ba ruwansa da mura. Kafso ɗin nan ja da rawaya da akan sayi guda biyu a haɗiye don ciwon ciki yana cikinsu, kuma irin wannan sha ne ke koya wa cuta taurin kai, har ranar da ake bukatar maganin ya ƙi ci.

"Tonic" ba ta yi alkawarin warkar da kome ba, ko da kwalbar ta yi tsada. A kwalaben maganin gargajiya kuma akan ga ƙaramin rubutu mai cewa hukumar NAFDAC ba ta tantance abin da mai maganin ya faɗa ba. A sa ɗan makaranta ya karanta wannan layi kafin a miƙa kuɗi.