Wayoyi Biyar, Ba Huɗu Ba

Tun da aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, gine-gine sun yawaita a garin, kuma akan ja wuta mai layi uku daga wannan gini zuwa wancan. Abin takaici, a nan da sauran garuruwanmu, mai gini yakan sayi wayoyi huɗu, ya bar ta biyar don tsimin kuɗi.

Ya kamata mai karatu ya san aikin kowace. Uku ke ɗauke da wuta, da ƙarfin bolt 415 a tsakaninsu. Ta huɗu, wato nutural, ita ke tsayar da wutar ɗaki a kan 240; in ta tsinke, wutar na iya haurawa kusa da 415, firji da kwamfuta su ƙone. Ta biyar kuwa wayar ƙasa ce. Idan wuta ta ɓalle zuwa jikin ƙarfe, ita ke kwashe ta, fis ya yanke kafin ta kama mutum.

Wasu masu haɗa wuta na cewa sandar tagulla da aka dasa a ƙasa ta wadatar. Ina! Busasshen rairayin Jigawa ba ya shan wuta sosai da rani. Wasu kuma sukan haɗe nutural da wayar ƙasa a gini na biyu, sai wuta ta riƙa bin famfo da ƙofa.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba irin wannan aiki, ya dace ta tsananta bincike. Kai kuma mai gini, ƙirga wayoyinka kafin a binne su. Araha ba ta ado, balle ta tsare rai.