Ba Kowa Ne Zai Zama Likita Ba

Ranar da malam ya tambaye mu abin da muke son zama, kusan kowa a ajinmu cewa ya yi likita. Da na ce ni digiri na biyu nake son yi a kimiyyar sinadarai, wato kemistiri, sai aka fashe da dariya. Wani ma ya ce a haɗa sabulu zan ƙare.

To 'yan'uwana ɗalibai, ku saurara. A 2010, kafin a haife mu, gubar dalma daga duwatsun zinare da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Likita magani yake bayarwa, amma sai an auna ƙasa da ruwa ake gane inda gubar ta ɓuya. Wannan aikin masana sinadarai ne, kuma a digiri na biyu mutum yake ƙwarewa a irin wannan bincike. Ana yin karatun a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano.

Roƙona ga malamanmu, a riƙa kai mu 'yan ƙaramar sakandare ɗakin gwaje-gwaje, ko sau ɗaya ne a zango. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.