Feshi Ba Shi Ne Noma Ba

Daminar da ta wuce na tsaya a wata gonar wake da ke bakin hanyar Tambuwal zuwa Jega. Wani yaro da bai wuce shekara 15 ba yana goye da injin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, rigarsa ta jiƙe sharkaf daga kafaɗa zuwa ƙugu saboda tankin yana yoyo. Bakin injin ya toshe, sai ya kwance shi ya sa a baki ya hura, ya tofar da yawu, ya ci gaba da aiki. Na gaida mahaifinsa na ce, "Baba, wane ƙwaro ne ya shigo muku?" Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Malam, ai ba mu jiran ƙwaro. Yau ranar feshi ce."

Da wannan magana nake faɗa. Ta zama aƙida daga Dogon Daji har Kuchi: wai noman da ba feshi asara ne, kuma manomin kirki shi ne wanda gonarsa ke warin magani. Ta fita daga gona ta shiga gida. Matar da ke da ɗan lambun tattasai da rama da yakuwa a bayan ɗaki, da ta ga darɓa a ganye sai ta aika yaro ya sayo fiya-fiya, gobe kuma ta tsinki ganyen ta yi miya.

Gona ba ta ƙwaro mai ɓarna kaɗai ba ce. Akwai gizo-gizo, akwai zanzaro, akwai ƙananan ƙwari masu cin darɓa da masu saka ƙwai a jikin tsutsa. Feshin gama-gari ba ya tambayar sunan kowa. Yana kashe mai ɓarna da mai cinsa gaba ɗaya, amma mai ɓarnar ya fi saurin hayayyafa, sai ya dawo ya tarar da gona ba mai gadi. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne masu taurin rai, su ne kuma za su haifi na baɗi. Shi ya sa murfin kwalba ɗaya da ke isar tanki a da ya koma biyu, ya koma uku, manomi yana cewa an daina yin magani mai kyau. Wani lokaci gaskiyarsa ne, jabu ya cika kasuwa. Sau da yawa kuwa shi ya horar da ƙwaron da kuɗinsa.

Wanda ke ganin zance ne kawai ya tambayi manoman tumatir na Kadawa a Kano abin da ya faru a 2016, lokacin da tsutsar nan mai shiga cikin ganye ta cinye gonaki har aka laƙaba mata Ebolar tumatir. An yi feshi kamar ba gobe. Tsutsar tana kwance tsakanin fatar ganye inda magani bai kai ba, kuma tun daga Kudancin Amurka inda ta fito ta saba da magunguna da dama. Jihar Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Inda abin ya fi muni shi ne ajiya. Wake ya bushe, an auna, sai a yayyafa masa Sniper ko fiya-fiya a ɗinke buhu. Sinadarin da ke ciki ana kiransa daikulobos, kuma ba a yi shi don a zuba a kan abin da za a ci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda shi. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma aka riƙa samun wakenmu da abin da ya kai 4.6. Sun rufe ƙofarsu, suka yi ta sabunta haramcin. To waken da Bature ya ƙi ina ya tafi? Shi ne ƙosan safe a tasha, shi ne alalen 'yan makaranta, shi ne garau-garau. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. Ka shiga kowace kasuwar ƙauye ranar cinta ka duba teburin da ke kusa da mai gishiri.

Ga abin haushi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda doka ta halasta tabar wiwi, tun 2018 ba a sa ta a shago sai ɗakin gwaji ya tabbatar ba ta ɗauke da ragowar maganin ƙwari fiye da ƙima. Ba yabon wiwi nake ba. A nan haramun ce, ko tushe ɗaya ka shuka a bayan ɗaki kai da NDLEA ne, kuma daidai ke nan. Ina dai nuna cewa mashayin wiwi a can ya fi mai cin ƙosai a nan samun wanda ya damu da abin da ke shiga cikinsa.

Za a ce da me za mu maye gurbin maganin ƙwarin? Kamar iyayenmu ba su taɓa ajiye wake ba. Sun shanya shi a rana mai zafi, sun gauraya shi da toka ko yashi mai laushi don ƙwaro ya rasa wurin motsi. Yau ma akwai abin da ya fi haka sauƙi: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Ka zuba busasshen wake, ka matse iska, ka ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu da kansa. Jarka ko duro mai murfi da ba ya shan iska ma haka yake yi, in an cika shi fal. A Maraɗi, masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN sun daɗe suna sakin wani ɗan mitsitsin zanzaro a gonakin gero don ya kashe tsutsar zangarniya, cikin ƙananan buhuna da ake ratayewa a ƙauye. Ga dogon yaro a ƙofar kowane gida yana zubar da 'ya'ya muna sharewa, alhali dakakken ƙwallonsa da aka jiƙa ya kwana yana hana ƙwari da yawa cin ganye. Don lambun bayan ɗaki, ruwan sabulu da yatsu biyu sun ishi darɓa.

Ban ce a jefar da injin feshi ba. Wake yana buƙatar feshi lokacin fure da kwanso, in ba haka ba tsutsar kwanso ta gama da shi, kuma jan-baki ko fara in sun sauko sai jirgin gwamnati. Cibiyar IAR ta Zariya ma ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019 don a rage feshin daga shida ko takwas zuwa biyu. Ana gardama a kansa saboda an sauya masa ƙwayar halitta, amma gardama ce da ta fi hura bakin inji daraja. Abin da nake ƙi shi ne feshin kalanda, wanda ba a duba ganye ba, ba a san ƙwaron ba, ba a ƙirga kwanakin da ya kamata a jira kafin a tsinka ba.

Laifin kuma ba na manomi kaɗai ba ne. Yaushe rabon da malamin gona ya taka gonar talaka a Kebbe? Gurbinsa mai shagon magani ya gada, shi ne likita shi ne mai sayarwa, kuma ba a tambayar mahauci ko nama na da amfani. Na taɓa kai wa wani mai shago ganyen tattasai da ya nannaɗe, ko karɓa bai yi ba ya miƙo mini kwalba biyu ya ce in haɗa su.

Kafin in bar gonar waken nan, yarinya ta kawo wa mahaifinta fura. Ta tsinci kwalbar da aka gama da ita a kan kunya, ta girgiza, ta ce za ta kai wa Inna ta ɗauraye, ta yi daidai da zuba man gyaɗa.