SARAWA A BARIKI, SALLAMA A KANTI

Garin Gaya, a cikin jahar Doso, gari ne na bakin iyaka. Ƙetaren kogin Kwara ga Malanbil ta ƙasar Benin, ta wajen gabas kuwa ga hanyar Kamba ta ƙasar Najeriya. Saboda wannan zama nasa, da wuya a sami wani ƙaramin gari a Nijar wanda ya tara masu kaki kamarsa: ga soja, ga jandarma, ga gardi, ga ƴan sanda, ga ma'aikatan duwan da na gandun daji. Dukansu kuwa, in an tashi daga aiki, tilas su nemi sukari da sabuni da shinkafa, watau tilas su shiga kanti. To, a nan ne wata tambaya take tasowa, wadda ake ganin ƙarama ce, amma tana da nauyi: in mai kaki ya zo ƙofar kanti, wace gaisuwa ce ta wajaba a kansa, kuma wa ya cancance ta?

Da farko ya kamata a san mene ne sarawa. Rundunar sojan Nijar, wadda aka kafa ran 1 ga watan Agusta 1961, ta gaji tsarinta daga sojan Faransa, kamar yadda ta Najeriya ta gaji nata daga sojan Ingila. A tsarin duka biyu, soja yakan ƙame, ya ɗaga hannun dama zuwa gefen hula, tafin hannu a buɗe yana duban gaba. Sojan ruwa na Ingila da sojan Amurka su kuwa tafinsu ƙasa yake duba. Bayanin da aka fi yi game da buɗe tafi shi ne, mai sarawa yana nuna ba ya riƙe da makami, ba ya kuma ɓoye mugun nufi. Ƙa'idar tana da rassa biyu. Na ƙasa shi ke fara sarawa, wannan kowa ya sani. Reshe na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa da shi: na sama tilas ne ya mayar. Hafsan da kurtu ya sara masa ya wuce bai amsa ba, shi ma ya karya doka. Ashe ke nan sarawa bashi ce, ana bayarwa ana biya.

Kantin bariki ma yana da nasa tarihi. Sojan Amurka sun kafa tsarin kantunansu a 1895, na Ingila suka buɗe nasu mai suna NAAFI a 1921. A barikokin Najeriya akwai kasuwar da ake kira Mami Maket, wadda ake danganta sunanta da Mami Ochefu, matar wani soja, da ta fara sayar da wani abin sha irin kunu a barikin Inugu a 1959. Duk inda aka yi irin wannan wuri, doka biyu ce take haɗuwa a ƙofa ɗaya: dokar bariki, wadda take duban igiya da anini, da dokar kasuwa, wadda take duban kuɗi da wanda ya riga zuwa. Amurkawa sun daɗe da rubuta yadda za a yi. A tsarinsu ba a sarawa cikin ɗaki, sai in soja ya zo gaban hafsa bisa kira, kuma wanda hannayensa biyu suke ɗauke da kaya ba a neman ya sara, gaisuwar baki ta wadatar. Wannan tsari akwai hankali a cikinsa, ya kuwa cancanci a dube shi.

A ɗauka ƙaramin soja ya fito daga kanti, buhun shinkafa a kafaɗa, galan ɗin mai a hannu, sai ya yi kiciɓis da kaftin. In kaftin ya tsaya sai an ajiye kaya a ƙasa an ƙame masa, a gaban mata da yara da masu talla, bai ƙara wa horon soja kome ba, ya dai kunyata mutumin da gobe za su tsaya a fagen daga tare. Abin da ya dace shi ne ƙaramin ya miƙe jiki, ya dubi babban, ya gaishe shi da baki, babban kuma ya amsa da sakin fuska. In hannu sake yake, kuma a waje ake, to sarawa ta zama tilas, ba a yi mata kasala. Da wannan an ba bariki hakkinta, an kuma bar wa kanti nasa.

Abu na biyu shi ne layi. Igiya da anini na wanda gwamnati ta ɗaura wa ne, ba sa bin aure, ba sa bin haihuwa. Matar kanar da matar kurtu, in sun haɗu gaban mai awo, wadda ta riga zuwa ita ce gaba. Haka yaron da aka aika daga gidan babban hafsa, ba shi da ikon ture tsohuwa don ya ambaci sunan maigidansa. Gaskiya ne sojan da yake bakin aiki lokacinsa a ƙididdige yake, kuma mutanen Gaya ba za su ƙi ba shi hanya ba. Amma hanya roƙonta ake yi. "Don Allah, Inna, a yi mini haƙuri, aiki ke jirana" ta fi ƙarar takalmi saurin buɗe layi, kuma ba ta barin ɗaci a zuciyar kowa.

Abu na uku, wanda shi ne gishirin maganar, shi ne mai kantin kansa. Shi farar hula ne, ba a sara masa, shi ma ba ya sara wa kowa. Amma yana da gaisuwarsa wadda ta girmi kowace runduna a wannan ƙasa, watau sallama. Malamai sun karantar da cewa fara sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi, kuma mai tafiya shi ke fara yi wa na zaune. Mai kanti a zaune yake, mai kaki shi ne ya zo. Saboda haka ko janar ne ya shigo, shi ke da nauyin fara sallama, ya ce Alhaji ko Malam ko Baba, gwargwadon shekarun wanda ya tarar, ya tambayi kasuwa da iyali, kana ya faɗi abin da ya kawo shi. Gaya gari ne na Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani, sojan da aka turo daga Zinder ko Tawa ko Agadas ba zai rasa koyon "fofo" cikin kwana ɗaya ba. Wanda ya iya ƙamewa gaban hafsa da safe, sa'an nan da maraice ya shiga kanti yana cewa "kai, ba ni kaza", ya koyi motsin hannu ne kurum, bai koyi ma'anarsa ba.

Daga sallama sai biya. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu laifi ga ma'aikaci ya ci bashin kanti kafin ƙarshen wata. Amma bashin mai kaki ya bambanta da na sauran mutane, domin mai kanti yana jin nauyin hana shi, yana kuma jin tsoron binsa. Jika biyu a yau, jika uku jibi, har takarda ta cika, ran nan sai a ji an sauya wa mutum wurin aiki, an kai shi Difa, ya tafi ba ko sallama. A lokacin yalwa ma wannan ɓarna ce, balle a garin da ya sha rufewar iyaka har sau biyu cikin ƴan shekaru. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023 kuma, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka tare gadar Malanbil, manyan motocin da suke fitowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka tsaya. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, amma hukumomin Nijar suka ci gaba da rufe ɓangarensu saboda dalilan tsaro. Garin da abincinsa yake bisa hanya, in hanya ta tsaya, jarin ƙaramin ɗan kasuwa ne yake fara narkewa. Jika biyar da aka riƙe masa, wataƙila ita ce kuɗin da zai saro kayan gobe.

Wani zai ce: ai waɗannan mutane rayukansu suke sayarwa domin jama'a ta kwana lafiya, ashe ba su cancanci a ɗaga musu ƙafa ba? Lalle sun cancanci girmamawa, kuma duk ɗan ƙasa na kirki yana jin ciwon kowane soja da ya faɗi. Amma girman da aka bayar da son rai shi ke daɗewa, wanda aka karɓa da tsoro kuwa yakan juya ya zama ƙiyayya. Wani kuma zai ce, in aka sassauta sarawa a ƙofar kanti, horo zai yi sanyi. Amsa ita ce horo bin ƙa'ida ne, in ƙa'ida ta ce a nan a sara, a can a gaisa da baki, wanda ya bi ta bai sassauta kome ba.

Akwai kuma dalilin tsaro, wanda ya fi ladabi gaggawa. Gaya ba ta da nisa da gandun dajin W, inda ƴan bindiga suka sami maɓoya a shekarun baya-bayan nan, kuma bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Seme ta ƙasar Benin, wanda aka fara fitar da mai ta cikinsa a 2024, ya ratsa jahar Doso. Tsaron irin wannan yanki ba ya yiwuwa sai da kunnen jama'a. Mai kanti shi ya san baƙon da ya zo ya sayi abinci mai yawa bai yi ciniki ba. Mai sayar da fetur a kwalba ya san babur ɗin da ba na garin ba ne, mai jirgin fito ya san wanda ya haye da dare. Waɗannan labarai ba a samunsu da umurni. Mutum yakan faɗa wa wanda yake gaishe shi, yake biyansa, yake tambayar lafiyar ƴaƴansa. Wanda ya ci masa mutunci jiya kuwa, ko ya ga wuta tana bin bayansa, sai ya kau da kai.

Su ma ƴan kasuwa akwai nasu nauyi. Kada a ga kaki a ninka kuɗin kaya, don an san albashi ya shigo. Kada a riƙa tura wa mai kaki kyautar da ba kyauta ba ce, wadda ake fatan gobe a bakin shinge za ta sa ya rufe ido, domin mai bayarwa da mai karɓa tare suke ɓata aikin gwamnati. In ƙaramin soja ya yi sallama, a amsa masa da kyau, ko da sa'an ɗan mai kantin ne, zama yawancinsu sun baro iyaye da dangi a nesa.

Saura abin da shugabanni za su iya yi, ba kuwa mai tsada ba ne. A makarantar horon kurata, inda ake koya ƙamewa da sarawa, a ware darasi a kan zama da farar hula a kasuwa. A rubuta a ƙofar kowane kantin bariki inda sarawa ta tsaya da yadda ake bin layi, da Faransanci da harsunan ƙasa, domin waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su karanta da kansu. Kafin a sa hannu a takardar tafiyar wanda aka sauya wa wurin aiki, a tambaye shi ko akwai bashin kanti a kansa, a ba masu kanti ƙofar da za su kawo kuka ba tare da fargaba ba. Sarkin kasuwa da shugabannin masu kaki su riƙa zama lokaci lokaci, a ji ta bakin juna tun ƙaramar magana ba ta zama babba ba.

Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Hafsan da ya amsa sarawar kurtu bai rage anininsa ba, sojan da ya yi wa mai tebur sallama ya bi layi ya biya kuɗinsa bai rage kwarjinin kakinsa ba. Allah shi ba ƙasar Nijar zaman lafiya, shi daidaita tsakanin masu kaki da jama'ar da suke tsaro.